MAZARI DA MAƘWABTANSA: Yadda Ake Gane Halittun da Ke Zaune Cikin Ruwa

Babu gari ko ƙauye a Nijeriya wanda ba shi da ruwan da jama'arsa ke dogara da shi, ko kogi, ko rafi, ko tafki, ko fadama, ko kuwa kududdufin da aka haƙa aka gina gari da ƙasarsa. A nan mata ke wanki, a nan makiyaya ke shayar da dabbobi, a nan yara ke iyo idan rana ta take. Amma ruwan nan ba na mutane kaɗai ba ne. Akwai ƙananan halittu iri iri da ke zaune cikinsa dare da rana, waɗansu masu taimakon ɗan Adam, waɗansu kuwa masu ɗauke da cuta. Wanda bai iya rarrabe su ba yakan kashe mai taimakonsa, ya ƙyale mai cutarsa. Saboda haka ya kamata manomi da masunci da malamin makaranta da ɗalibi, kowa ya san su da kamanninsu. Za a fara da mazari, domin shi ne ya fi sauƙin gani, shi ne kuma jama'a suka fi jahiltar amfaninsa.

MAZARI IRI BIYU NE

Kowa ya san mazari, ƙwaron nan mai dogon jiki da fukafukai huɗu masu sheƙi kamar gilashi, wanda ke shawagi bisa ruwa yana tsoma jela. Sunansa ɗaya da na mazarin kaɗi, kuma duk wanda ya ga yadda yake tsayawa cikin iska yana kaɗawa ba zai yi mamakin haka ba. Masana sun ƙidaya iri fiye da 6,000 a duniya, sun kuma kasa su gida biyu: babban mazari da siririn mazari.

Hanya mafi sauƙi ta rarrabe su ita ce a jira ƙwaron ya sauka. Babban mazari idan ya sauka bisa kara ko dutse yakan bar fukafukansa a buɗe, biyu dama biyu hagu, kamar jirgin sama. Siririn mazari kuwa haɗe nasa yake yi a bisa bayansa, su kwanta tare da jikinsa. Sa'an nan a dubi kai. Idanun babban mazari manya ne ƙwarai, sun cinye kusan kan duka, har sun haɗu a tsakiya. Na siririn a rabe suke, ɗaya can ɗaya can, sai kan ya yi kama da guduma. A dubi fukafukai kuma: na bayan babban mazari sun fi na gabansa faɗi a gindi, amma na siririn duka huɗun kusan fasali ɗaya ne, masu tsukakken gindi. Tashinsu ma ya bambanta. Babba yana wucewa kamar kibiya, manyan cikinsu suna kai gudun kilomita 50 cikin awa ɗaya. Siririn kuwa a hankali yake bi tsakanin ciyayi, ƙasa ƙasa, jikinsa bai fi tsinken tsintsiya kauri ba.

Amma fa ƙa'idar nan tana da 'yan togaciya. Akwai dangin siririn mazari da ke hutawa da fukafukai rabi a buɗe, akwai kuma dangin babban mazari na bakin koguna, masu kumburarren ƙarshen jela, waɗanda idanunsu ba su haɗu ba. Don haka kada a yanke hukunci da alama ɗaya; a haɗa biyu ko uku tukuna.

WAƊANDA AKA FI GANI A ƘASAR NAN

Da farkon damina akan ga taron mazari masu launin rawaya da ƙasa-ƙasa suna yawo bisa filin ƙwallo ko gona ko titi, ba safai suke sauka ba. Wannan shi ne wanda masana ke kira Pantala flavescens, matafiyin da babu kamarsa cikin ƙwari. Bin iskar damina yake yi daga ƙasa zuwa ƙasa, yana zuba ƙwai cikin ruwan da ya taru bayan an yi sama, 'ya'yansa kuma su girma cikin mako shida zuwa takwas, kafin ruwan ya ƙafe. A 2009 wani masani mai suna Charles Anderson, wanda ke aiki a tsibiran Maldibs, ya bayyana hujjojin da ke nuna cewa wannan ɗan ƙwaro yana ƙetare tekun Indiya daga ƙasar Indiya zuwa Gabashin Afirka.

A bakin tafki, musamman inda shanu ke shan ruwa, akwai wani ɗan gajere mai duhun jiki wanda namijinsa ke da baƙin zane a gicciye bisa kowane fiffike. Halinsa shi ne bin ƙafar mutum ko ta saniya, yana tashi dab da ƙasa, domin ya cafke ƙananan ƙwarin da tafiyar ta tayar daga ciyawa. Ke nan sana'arsu ɗaya da balbela. Akwai kuma ja wur mai faffaɗan ciki, Crocothemis erythraea, wanda ke da karan da yake zama bisa kai, ya tashi ya kori abokin gaba, ya komo daidai inda ya bari. Babban shuɗin nan kuwa mai koren ƙirji, wanda ke kai da kawowa bisa tafki kamar ɗan sintiri, shi ne Anax imperator, tsawonsa ya kusa santimita 8. Cikin sirara, wanda aka fi cin karo da shi shi ne mai baƙin baya da ɗigon shuɗi kusa da ƙarshen jela, Ischnura senegalensis. Shi ba ya ƙyamar ruwa mai dauɗa, har a kududdufin tsakiyar gari ana samunsa.

Sai a lura da cewa launin nan mai haske galibi na maza ne. Mata sun fi yawa da rawaya ko ruwan ƙasa, sabon tashi ma haka, shi ya sa mai koyo ke zaton iri biyu ya gani alhali kuwa miji da mata ne.

A rafukan cikin kurmi na kudu da na tsaunukan kan iyakar Kamaru akwai irin da ba a samu a wani wuri. Ɗaya daga cikinsu, wani siririn mazari da aka samo a tsaunin Obudu, an bayyana shi ga masana a 1977, aka raɗa masa suna Pentaphlebia gamblesi don girmama Robert Gambles, wani likitan dabbobi da ya yi aiki a Nijeriya, ya kuma daɗe yana nazarin mazarin ƙasar. Irin waɗannan ba sa rayuwa sai da inuwar itatuwa da ruwa mai sanyi. Idan aka sare kurmin, sun tafi ke nan. A 2021 ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya, IUCN, ta ba da sanarwar cewa kashi 16 cikin 100 na irin mazari 6,016 da ta bincika suna cikin haɗarin ƙarewa, babban dalili kuwa shi ne lalacewar fadamu da rafuka.

ƘURUCIYAR MAZARI CIKIN RUWA TAKE

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, mazarin da ake gani yana tashi ya riga ya ci mafi yawan kwanakinsa. Rayuwarsa ta sama 'yan makonni ce. Tsoma jelar nan da mace ke yi ba wanka ba ne, ba kuma shan ruwa ba, ƙwai take zubawa. Matan siririn mazari su kuwa tsaga jikin ciyawar ruwa suke yi, su cusa ƙwan a ciki.

Abin da ke fitowa daga ƙwan bai yi kama da uwarsa ba ko kaɗan. Wani ɗan ƙwaro ne mai ƙafa shida, marar fukafukai, mai launin laka, yana rarrafe a ƙasan ruwa ko yana maƙale da saiwar kainuwa. Ɗan siririn mazari dogo ne siriri, da abu uku a ƙarshen jikinsa kamar 'yan ganyaye. Da su yake numfashi, da su kuma yake iyo, yana karkaɗa jiki kamar kifi. Ɗan babban mazari kuwa kakkaura ne, ba shi da ganyayen nan. Shi ta dubura yake zuƙo ruwa ya ɗebi iskar da ke ciki, in kuwa aka tsorata shi sai ya feso ruwan da ƙarfi, ya yi gaba a guje.

Alamar da ba ta kuskure, wadda duka biyun ke da ita, tana ƙarƙashin kai. Leɓensu na ƙasa dogo ne mai gwiwa, a naɗe yake kamar hannun da aka tanƙwara, da ƙugiyoyi a bakinsa. Ɗan mazari yakan yi lamo har abin da zai ci ya iso kusa, sa'an nan ya harba leɓen nan, kafin ƙiftawar ido ya jawo shi baki. Yana cin tsutsar sauro, da ƙananan ƙwari, da talibambam, har da 'ya'yan kifi idan ya ƙasaita. Ba ya cizon mutum don mugunta, ba shi da dafi, haka nan babban ma ba ya harbi, ko da yake dogon cikinsa na sa waɗansu tsoro.

Yana girma yana saɓa, sau goma ko fiye. Idan lokaci ya yi, galibi da dare ko da asuba, sai ya hau kara ya fito daga ruwa, bayansa ya tsage, sabon mazari ya zaro jiki a hankali. Zai zauna nan awa ɗaya ko biyu yana buɗe fukafukai har su bushe, kuma a wannan lokaci ne tsuntsaye da kwaɗi suka fi samunsa. Busasshiyar saɓar takan zauna a jikin karan. Duk wanda ya ga irinta da yawa a bakin tafki ya tabbata cewa ruwan ya raya mazari tun daga ƙwai har tashi, wannan kuwa shaida ce da ta fi ganin babba yana yawo, domin babba yana iya zuwa daga nesa.

IYAKAR TAIMAKONSA

Mazari maƙiyin sauro ne sau biyu: ɗansa na cin tsutsar cikin ruwa, shi kuma yana kama babban cikin iska. A birnin Yangon na ƙasar Bama an taɓa gwada zuba 'ya'yan mazari cikin randunan ajiyar ruwa na wata unguwa, aka ga sauron da ke kawo zazzaɓin dengi ya ragu ƙwarai. An buga rahoton gwajin a 1990. Amma kada kowa ya ɗauka cewa mazari zai kawar da zazzaɓin cizon sauro shi kaɗai. Sauron da ke kawo wannan cuta ya fi son ɗan ruwan da ya kwanta cikin sawun kofato, ko ramin bulo, ko wurin da tayar mota ta bi, inda 'ya'yan mazari ba su cika samuwa ba. Tsutsarsa kuma takan zama sauro cikin kwana goma ko ƙasa da haka idan ana zafi. Gidan sauro da cike ramuka suna nan a matsayinsu.

ABIN DA MAZAUNA RUWA KE FAƊI GAME DA RUWAN

Idan aka ɗaga dutse a cikin rafi mai gudu, akan ga waɗansu 'yan ƙwari shimfiɗaɗɗu suna gudu su ɓuya. Mai jela uku sirara kamar gashi, da 'yan fukafukan numfashi jere a gefen cikinsa, ba ɗan siririn mazari ba ne, ko da yake akan rikita su. Na mazari faffaɗa ne kamar ganye, gefen cikinsa kuma sumul yake. Akwai mai jela biyu, akwai kuma wata tsutsa da ke gina wa kanta ɗan gida da yashi ko guntayen kara, tana jan abinta duk inda ta nufa. Waɗannan uku ba sa jure ƙazanta. Inda suke da yawa, ruwan na da isasshiyar iska.

Inda kuwa aka ɗebo laka aka tarar babu kome sai jajayen tsutsotsi sirara, da wata farar tsutsa mai doguwar jela kamar ta ɓera, to, ruwan ya ɓaci da kashi ko shara ko ruwan masana'anta. Ba su ne suka ɓata shi ba, su dai ne suka iya zama bayan sauran sun mutu.

Sauran mazauna, kamar ƙwaron nan mai dogayen ƙafafu da ke tafiya bisa fuskar ruwa bai nutse ba, da 'yan baƙaƙen buzuzun da ke kewaya a rukuni, da kunamar ruwa mai dogon bututu a baya, duk mafarauta ne masu rage tsutsar sauro. Bututun kunamar ruwa na shaƙar iska ne, ba ƙari ba. Babban ƙwaron ruwa mai faɗi kamar kyankyaso, wanda ke zuwa wurin fitila da dare, shi kam yana da cizo mai zafi, sai a bar shi.

WAƊANDA ZA A YI HATTARA DA SU

Na fari tsutsar sauro. Ba ta da ƙafa, tana motsi tana lanƙwasa jiki, tana hawowa sama don numfashi. Wadda ta rataya kai ƙasa, da ɗan bututu a jela yana taɓa fuskar ruwa, ta sauron Kuleks ce ko danginsa, mai son kwata da ruwan masai. Wadda ta kwanta a miƙe dab da fuskar ruwa, ba bututu, ita ce ta Anofilis, mai kawo zazzaɓi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya 'yan Nijeriya ne.

Na biyu katantanwa, kuma nan ya kamata a natsu, domin ba kowace ce ke da laifi ba. Manyan nan masu murfi a bakin ƙoƙonsu ba su ne ke kawo tsargiya ba. Masu kawo ta ƙanana ne, ba su fi farcen yatsa ba, ba su da murfi, suna maƙale a ƙarƙashin ganyen bado ko jikin kacala a ruwan da ke kwance ko mai tafiya a hankali, kamar madatsun ruwa da hanyoyin ban ruwa. A riƙe ƙoƙon tsininsa na sama, bakinsa na fuskantar mai dubawa. Idan bakin na hannun hagu, Bulinus ce, mai ɗauke da tsargiyar mafitsara, watau fitsarin jini. Idan ƙoƙon shimfiɗaɗɗe ne kamar naɗaɗɗiyar igiya, ba tsini, ana zaton Biomphalaria, mai ɗauke da tsargiyar hanji. Idan bakin na dama ne, faffaɗa, ƙoƙon kuma marar kauri, wannan ita ce ke raya tsutsar da ke lalata hantar shanu da tumaki.

Katantanwar ba ta haifar da cutar da kanta. Mai tsargiya ne ke yin fitsari ko bayan gida cikin ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga jikinta, ya hayayyafa, bayan 'yan makonni dubban 'ya'ya su fito, su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Fitsarin jini ga yaro ba alamar balaga ba ce kamar yadda waɗansu ke faɗi. Cuta ce, tana kuma da magani mai suna firazikwantel, wanda ake samu a asibiti, ake kuma rabawa a makarantu.

Na uku yana zaune ne inda ba a zato, watau cikin ruwa mai tsabta mai gudu da ƙarfi bisa duwatsu. Waɗansu 'yan tsutsotsi ne masu duhu, gindinsu ya fi kansu kauri, suna tsaye cunkus a jikin dutse ko ganyen da ruwa ke ja. Su ne 'ya'yan baƙin ƙudan nan mai ƙusumbi wanda ke cizo da rana, mai kawo makantar bakin kogi. Tun 1987 kamfanin da ke yin maganin Mectizan ke bayar da shi kyauta don yaƙar wannan cuta. Wannan ya nuna cewa ruwa na iya zama lafiyayye ga halittunsa, ya kuma zama da haɗari ga mutum.

Na huɗu ƙumar ruwa, wata 'yar mitsitsiya da ido ke iya hangowa da ƙyar kamar ɗigon fari mai tsalle cikin kwano. Ita ce ke ɗauke da kurkunu. A binciken 1988 zuwa 1989 an sami mutum fiye da 650,000 masu kurkunu a Nijeriya. Da tace ruwa da ƙyalle, da haƙa rijiyoyi, da hana mai ciwon shiga tafki, aka ga na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar a 2013 cewa ƙasar ta rabu da shi. Amma a 2023 an sami mutum 14 a duniya, 9 daga cikinsu a Chadi, saboda haka mazauna kan iyaka kada su yar da matacinsu.

TSUNTSAYE DA GUBA

Manyan mazauna ba su bukatar dogon bayani: zalɓe da ke tsaye shiru cikin ruwa, taka-bado mai dogayen yatsu, kirinjijiya da ɗinya, guza da kififiya. Dausayin Haɗejiya da Nguru ya shahara da su, har da tsuntsayen da ke zuwa daga Turai lokacin hunturu, an kuma sa tafkin Nguru cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a 2000. Abincin da yawa daga cikinsu yana komawa ga ƙananan halittun da aka ambata.

Shi ya sa kamun kifi da guba ya zama ɓarna mai girma. A shekarun baya an sha zuba maganin ƙwarin koko mai suna Gammalin 20 cikin rafuka don kifi ya taso. Sinadarin da ke cikinsa an sa shi cikin waɗanda yarjejeniyar duniya ta haramta a 2009. Kowace irin guba ce, sakamakon ɗaya ne. Kifi da 'ya'yan mazari da sauran mafarauta su mutu, su kuwa suna ɗaukar watanni kafin su komo. Sauro cikin mako biyu ya dawo, ya tarar babu mai cinsa. Wanke tankin feshin gona a bakin rafi ma haka yake yi.

YADDA ZA A DUBA RUWA

Malamin makaranta ko malamin tsabta da ke son nuna wa jama'a waɗannan abubuwa ba ya bukatar kaya masu tsada. Rariya ɗaure a bakin sanda, da farin kwano, da cokali sun isa; in akwai gilashin ƙara girma, madalla. A tafi da hantsi, lokacin da mazari ya fi fitowa. A fara tsayawa shiru a ƙidaya irin da ke tashi, a duba kararen bakin ruwa ko akwai saɓa. Sa'an nan a ja rariyar cikin ciyawar ruwa, a juye cikin kwanon da ɗan ruwa, a jira laka ta kwanta, masu motsi za su bayyana.

Kada a bar yara su shiga ruwan, kada kuma a ɗauki katantanwa da hannu. A sa takalmin roba mai tsawo, a yi amfani da cokali. Wanda ruwa ya taɓa ya goge jikinsa da sauri da busasshen ƙyalle. A rubuta rana da wuri da abin da aka gani, a sake zuwa da rani da damina, domin a ga canji. Idan an gama a mai da halittun inda aka ɗebo su. In an tarar da katantanwar tsargiya a wurin da yara ke wanka, ko kifaye sun mutu da yawa dare ɗaya, a sanar da mai unguwa ko dagaci, shi kuma ya kai maganar ga sashen lafiya na ƙaramar hukuma.